Kiwon Batirin Motar Gayya

Duk lokacin da na ɗaga kai daga kan benci sai in ga ɗayanku ya jingina da babur a inuwar rumfata yana kallon hannuna, kuma na san abin da ke ransa. Cewa yake wannan tsoho ya sami banza: ja a ja, baƙi a baƙi, ya kunna wuta ya koma ya miƙe ƙafa yana sauraren rediyo. Jiya ma na ji Sanusi, mai jan babur ɗin nan, yana cewa in acaba ta gagara shi ma shagon batir zai buɗe, tunda ko makaho zai iya. Na ƙyale shi ne don bakina da goro. Yau tunda fasinja ya yi wuya, ku gyara zama in faɗa muku abin da ke cikin ja da baƙin nan.

A Funtua na koyi aikin, wajen Malam Garba mai batir, a bayan tasha, lokacin da auduga ke tashe, manyan motoci na layi har bakin titi. Aikina na farko wankin kan batir ne da ruwan zafi da kanwa, har farin gishirin nan da ke taruwa a kai ya narke, sannan in goge in shafa giris. Na daɗe a kan wannan kafin a bar ni in taɓa waya. A lokacin batir ba abin yarwa ba ne kamar yanzu. Da kwalta ake like kansa, sai ka zafafa wuƙa ka yanka, ka zaro farantan ciki, ka cire ruɓaɓɓu, ka narka dalma a cokalin ƙarfe a kan garwashi ka sake zuba kawuna. Ruwan batir kuwa ba ya gane mai gida balle yaron gida. Duk rigar da na shiga shagon nan da ita sai ta koma rariya, har mahaifiyata ta daina saya mani sabuwa, ta ce ba ta ɗinka wa asid kaya.

Malam Garba ba mai yawan magana ba ne, kunnensa ne ma'auninsa. Akwai kwalbar awon ruwa a shagon, mai ƙwallon roba a kai, wadda ake zuƙo ruwan batir da ita a ga ƙarfinsa, amma shi sai ya sunkuya ya kara kunne a jikin batirin da ke kan caji. In ya ji ɗan motsi can ƙasa-ƙasa sai ya wuce. In ya ji yana tafarfasa sai ya nemi wanda ya haɗa shi, kuma ranar mutum ba zai ci abincin rana cikin daɗi ba. Wata rana wani direban Gusau ya leƙa cikin batirinsa da ke kan caji da sigari a baki, don ya ga ko ruwa ya cika. Ƙarar da muka ji sai da mai shayin tsallaken titi ya zubar da butarsa. Allah ya tsare idon mutumin, amma gemunsa bai sake fitowa daidai ba. Tun ranar na san dalilin da ake sassauta murafu, ake maƙala waya kafin a kunna wuta, ake kashe wuta kafin a cire waya.

Abin da Malam Garba ya fi maimaitawa shi ne, aiki ba ya kashe batir, zama ke kashe shi. Motar haya da ke bin hanya kullum, batirinta sai ya tsufa a bakin aiki. Amma motar Alhajin da ake lulluɓewa sai ranar Juma'a, ita ce kullum ake turawa. Batir ko ba a taɓa shi ba yana zubar da wutarsa a hankali, zafin ƙasarmu kuma yana ƙara masa sauri. In ya kwana biyu a fanko sai farin abu ya hau farantansa ya daskare, daga nan ko ka ba shi wuta ba ya riƙewa.

Da na dawo Malumfashi na buɗe nawa shagon, abin da na fara saya babbar caja ce mai tayoyi, mai gurnani kamar injin niƙa, don ita mutane ke so su gani. Mutum ya zo da mataccen batir a bayan babur, yana so kafin ya gama cin ƙosai a tashe shi. Babbar caja za ta yi masa haka, amma dafa batirin take yi, bayan 'yan makonni ya dawo yana zagin wanda ya sayar masa. Marar lafiyan da ya daɗe bai ci ba, ba a ɗura masa ƙwaryar fura gaba ɗaya, da cokali ake ba shi kunu. Na yi ta faɗa har na gaji, sauri dai ya haifi nawa.

Sai ga ƙananan cajojin nan sun shigo kasuwa. Ga ɗaya can a rataye, wadda Sanusi ya ɗauka cajar waya ce. Girmanta bai wuce sabulun wanki ba, kuɗinta bai kai na ɗan akuya ba. Ɗiga wuta take yi kaɗan-kaɗan, daidai abin da batirin ke zubarwa, in ya ƙoshi ta yanke da kanta, in ya sauka ta ci gaba. Ni na sa mata suna 'Yar Ɗigo. Akwai na banza a cikinsu da ba sa yankewa, su ƙafar da ruwan batir, shi ya sa kowace na saya sai na gwada ta da mita a kan nawa batirin kafin in ɗora wa na mutane. Da ita na fara abin da manoman Bakori da Kafur ke kira kiwon batir. In an gama kaka aka jingine tarakta, sai a ciro batirin a kawo mani, ya yi rani a shagona a kan katako, ina zagaya masa 'Yar Ɗigo ina duba ruwansa. Ranar da aka yi ruwan shuka mai shi ya zo ya ɗauki abinsa da rai. Kafin haka, a gida yake zama yara su yi ta cajin waya da kallon ƙwallo da shi, ruwa ya sauka tarakta ta ƙi ko tari.

Aikin da na fi alfahari da shi kuwa ba na tarakta ba ne. Wata Laraba bayan azahar wani mutum ya sauke batir a gabana. Na gane shi, Malam Idi ne, tsohon direban babbar mota da ya daɗe yana kai masara Kudu, ciwon baya ya mayar da shi gona a ƙauyensu can bayan Kafur. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don a yankin nan kowa ya san kowa. Mutum ne mai fara'a a da, amma ranar ko hannu da ƙyar ya miƙo mani.

Da na matsa masa sai ya ba ni labari. Mutanen ƙauyen sun yi karo-karo bayan wata kaka mai albarka, suka sayi tsohuwar mota doguwa don kai marasa lafiya asibiti, musamman mata masu naƙuda, tunda ba kowace ke iya hawa babur ba. Suna kiranta motar gayya. Malam Idi ya ɗauki tuƙin don Allah, aka ba shi makulli. Aka yi mata rumfar kwano kusa da masallaci, aka lulluɓe ta da tamfol, aka kafa doka cewa ba mai tashinta sai don marar lafiya, saboda man da ke ciki na jama'a ne. Ya ce musu mota tana son a riƙa ɗumama ta ko da sau ɗaya a mako. Suka ce dama an san direba, ba ya ganin sitiyari ya haƙura. Ran da ya tashe ta ba izini, sai da aka yi masa faɗa a ƙofar masallaci.

Batirin farko ya mutu, aka ce tsoho ne, aka aika Funtua aka sayo sabo fil. Watanni kaɗan bayan haka, a tsakiyar damina, naƙuda ta tsananta wa wata mata mai suna Ladi, matar wani manomi Musa. Aka yaye tamfol, Malam Idi ya murɗa makulli, ko fitila ba ta kawo ba. Maza suka yi ta turawa cikin taɓo har suka gaji. A amalanken shanu aka kai ta bakin kwalta. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Daga nan sai lissafin mutanen gari ya tafi wuri guda. Sabon batir, motar da ba ta je ko'ina ba, makulli a hannun mutum ɗaya, kuma mutumin yana da ƙani mai motar haya. Musa ne ya fara furtawa a gaban jama'a cewa Idi ya musanya batirin da mushe, sauran suka ɗauka. Mai unguwa ya karɓe makullin ya sa a aljihunsa. Malam Idi ya ce mani tun ranar in ya shiga sahu sai ya ji na kusa da shi ya ɗan janye kafaɗa, an daina aiko wa matarsa da kuɗin adashi, yara kuma in sun gan shi sai su yi ta cewa batir, batir.

"Malam Sale," in ji shi, "ba gyara na kawo ba. Ka duba ka gaya mani ko ni ɓarawo ne."

Na buɗe murafun na haska ciki. Batirin da ya tsufa a motar haya, ruwansa kan yi duhu, laka ta kwanta a ƙasa, farantai su zaizaye. Wannan ruwansa garau, farantai cikakku, sai dai fari ya rufe su kamar an barbaɗa gari. Ban taɓa ganin shaidar da ta fi wannan fitowa fili ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, don na san mutumin. Na ce masa yunwa ce ta kashe batirin, ya bar mani shi. Na ɗora wa batirin 'Yar Ɗigo na ajiye a lungu. Kwanakin farko mita ko motsi, har na fara tunanin na makara. Sannu a hankali allura ta fara ɗagawa, na kara kunne na ji ɗan motsin nan da Malam Garba ke nema. Bai koma sabo ba, amma ya tashi da ƙarfinsa.

Ranar wata Juma'a na ɗaure shi a bayan babur, da 'Yar Ɗigo irin mai aiki da rana, da farantin sola girman faifai, tunda ƙauyen ba wutar lantarki. Bayan an sauko daga masallacin ƙauyen muka zauna a zauren mai unguwa, dattijo ne mai natsuwa, ba mugu ba. Na yi bayanin fari da laka, na ga dai kallona kawai ake yi. Batir ba shi da fuska, ba wanda zai iya rantsewa wannan ne aka sayo ko wani. Musa daga bakin ƙofa ya ce ai dama ɓarawo ba ya rasa mai shaida. Mai unguwa ya tsawata masa, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ni abu ɗaya ya ɗaure mani kai. Dawa tana shekara a rumbu, in ba a ɗiba ba, ba ta raguwa. Abin da aka ajiye ba a taɓa ba, yaya za a yi ya ƙare?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, dawa ajiya ce. Batir kuwa kiwo ne. In ka ɗaure tunkiya ka kulle ɗaki don kada a sace, ranar da ka buɗe ba ɓarawo za ka nema ba."

Wasu suka yi dariya, amma dariya ba ta wanke mutum. Ban ga laifinsu sosai ba, mutanen da duk arzikinsu ta hanyar adanawa da hana taɓawa suka same shi. Sai na ce a bar ni in maƙala abina, ba ya shan mai, ba ya neman makulli. In ranar buƙata ta zo motar ta ƙi tashi da wannan batirin da suka kira mushe, a haɗa ni da Idi a kira mu ɓarayi, a faɗa har kasuwar Malumfashi. Mai unguwa ya ce abin da ba ya cin komai ba a hana shi zama. Na mayar da batirin cikin motar, na hau rumfarta na ɗaure farantin solar yana kallon sama, na sauko da waya ta cikin tiyo don ɓera, na maƙala ja a ja, baƙi a baƙi, kamar yadda Sanusi ya ce makaho zai iya. Makulli dai ya ci gaba da zama a aljihun mai unguwa, aka ce in ta kama, wani ɗan ƙaninsa mai acaba zai tuƙa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi watanni ba wuta. Mai ya yi tsadar da in ka tashi janareta don caji, kai ne ka biya wa mai batir. Hanyoyin ƙauye suka lalace da rashin tsaro, manoma da yawa ba su fita gonakin nesa ba, wasu suka sayar da batiran tarakta ga 'yan gwangwan don dalmar ciki. Abokan sana'ata biyu suka rufe shago suka bi 'yan gwangwan ɗin. Babbar cajata mai gurnani ta zama wurin kwanan kyanwa. Da ƙananan nan masu sola na riƙe amanar da ke hannuna, ina ɗauke wannan in ɗora wancan tun fitowar rana har faɗuwarta, kuma ba batirin da ya mutu a shagona.

Ƙauyen su Idi kuwa ban sake takawa ba, hanya ba ta biyuwa. Sai dai in aika masa da tataccen ruwa a gora ta hannun masu zuwa cin kasuwa, don na hana shi zuba ruwan rijiya. Su ne ke ba ni labari cewa mutane sun fitar da rai da motar, ba mai ko tambayarta, awaki ne ke kwana a ƙarƙashinta. Amma Malam Idi, da bayan nan nasa mai ciwo, yana jingina tsani ya hau ya goge kashin tattabaru daga kan faifan, ya duba ruwan batir, ya ba tayoyi iska da famfon keke. Duk wannan ba ya buƙatar makulli, don haka ba wanda ya hana shi. Dariya dai ake yi masa, ana cewa ɓarawo na gadin abin da ya sata.

Da damina ta sake zagayowa, wata ranar kasuwar Kafur da hantsi, naƙuda ta kama Ladi, ita dai matar Musa, kuma ta zo da jini. Duk masu babur sun tafi kasuwa, har da ɗan ƙanin mai unguwa. Malam Idi yana gonarsa yana noman masara sai ya ga mai unguwa da kansa tafe cikin kunya-kunya, babbar riga a kafaɗa, makulli a hannu. Ya miƙa masa makullin, Malam Idi ya yar da fartanya suka nufi wajen motar.

Abin da ku masu babur ba ku sani ba, motar da ta daɗe a tsaye ba ta tashi bugu ɗaya, ko batirinta sabo ne. Man da ke kafireto, wato maƙogwaron injin, ya bushe, sai inji ya yi ta juyawa kafin ya jawo wani daga tanki. A nan ne batirin da aka dafa da babbar caja ke tona asirin kansa, ya yi gurnani biyu ya yi shiru. Malam Idi ya ce ya tsiyaya ɗan sabon mai a maƙogwaron injin, ya yi bisimilla ya murɗa. Ta juya, ta juya, ba ta kama ba. Ya saki, Musa na tsaye a gefen taga riƙe da ƙofa. Ya sake murɗawa ya riƙe, inji na juyawa da ƙarfi ɗaya bai sassauta ba, har ta yi tari, ta yi wani, sannan ta ɗauka, hayaƙi ya kori awaki.

Ni duk ban san ana yi ba. Bayan la'asar ina nan a kan bencin nan sai wata doguwar mota da taɓo har gilashi ta tsaya daidai inda babur ɗin Sanusi yake yanzu. Malam Idi ya fito, mai unguwa ya fito ta ɗaya gefen. Suka ce an sauka lafiya a asibiti, mace aka samu, uwa da 'ya suna nan ƙalau, Musa yana can wajensu. Na buɗe gaban motar na ɗora mita don in gani da idona. Batirin nan ne, wanda aka kira mushe. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin nan, har na hau goge kan batirin da bai yi datti ba.

Da za su tafi, Malam Idi ya miƙa wa mai unguwa makullin da hannu biyu, a gabana da gaban masu shayi da duk wanda ke wurin. Dattijon ya dubi makullin, ya mayar da hannayensa cikin riga.

"Riƙe, Malam Idi. Aljihuna ya huje."

Malam Idi ya daɗe tsaye da hannu a miƙe, sannan ya jefa makullin a aljihun gabansa ya danna da tafin hannu. Har yau a nan yake. Ranar suna, Musa da kansa ya kai masa cinyar ragon har gida, kuma yanzu duk ranar Juma'a bayan an sauko ana tashin motar gayya ta ɗan yi gurnani, mai unguwa na zaune a gaba.

Sanusi, ga fasinja can tana ɗaga maka hannu. In ka dawo ka ajiye babur ka zo, akwai ruwan zafi da kanwa a bayan shago, daga nan ake farawa. Ka zo da tsohuwar riga.